Digirin Ladabin Turanci

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban lasifika na sanar da mutanen Rano cewa ni da ladabi ko hanya ba mu haɗa ba. Da bakina na faɗa, babu wanda ya sa ni, kuma ina sanye da kwat ɗin aro a tsakiyar bazara.

Bari in faro daga tushe. Mu mutanen Durba ne, ta ƙasar Kibiya. Duk abin da mahaifina Malam Audu ya mallaka wanda za a nuna da yatsa shi ne gona ɗaya, ana ce mata Gonar Tsamiya. In damina ta yi kyau, dawar da ake ɗaurewa a cikinta takan kai mu wata kakar har a sayar da saura, banda wake da gyaɗa. Da na sami gurbin karatu a jami'a a Kano, ita Baba ya jinginar wa Alhaji Hudu, wani ɗan kasuwar hatsi a Rano. Ga wanda bai san jingina ba: ka karɓi kuɗi, mai kuɗin ya riƙe gonarka yana nomawa yana kwashe amfani, sai ranar da ka mayar masa da abinsa. Kuma da rani ake fansa, kafin ya zuba taki. A al'adar wajenmu, da zarar takinsa ya shiga ƙasa, sai ya ci damina biyu kafin a sake ta da maganar.

Ranar da na kawo labarin samun gurbi, Baba yana gyara igiyar rijiya a tsakar gida. Ni ne ɗan fari, saboda haka ba ya kama sunana. Ya ce, "Wannan yaron, me aka ce za ka karanta?"

Na ce, "Adabin Turanci, Baba."

Ya ajiye igiya, fuskarsa ta washe. "Ladabin Turanci. Madalla. Ladabi ai ko na waye abin nema ne."

Na buɗe baki zan gyara, sai na tuna cewa mutumin nan gona zai jinginar, na haɗiye gyarana. Kafin sati ya zagayo duk Durba ta ji cewa ɗan Malam Audu zai tafi birni koyon ladabi. In na zo hutu, tsofaffi sukan zuba mini ido su ga ko an fara samun canji. Na tsuguna na gaishe su, sai in ji wani ya ce wa na kusa da shi, "Ka ga tsugunon? Ba irin namu ba ne." (Tsugunon nan shi ne dai wanda nake yi tun ina firamare.)

Kada in yi wa karatun butulci, na so shi har cikin raina, kuma har gobe ina son sa. Shekara huɗu ina karanta labarai da waƙoƙi da wasannin mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakan kakana, ina jin daɗi kamar an biya mini Makka. Abin da ba a koya mana ba shi ne yadda ake mayar da waƙa ta zama tuwo. Na gama, na yi bautar ƙasa, na zaga ofisoshin Kano da takardu har dugadugan takalmina suka karkace. Daga ƙarshe na sami koyarwa a wata makarantar kuɗi a Rano.

Na zauna na auna, ba sau ɗaya ba. Albashina na wata, in mai makaranta ya ga dama ya biya, buhu biyu na dawa yake saye da kaka, da bazara kuwa ɗaya da rabi ma sai an yi ciniki. A cikinsa zan biya hayar ɗaki, in ci abinci, in sayi sabulun wanke farar riga (ɗaya ce, amma ba ta taɓa kwana da datti ba). Gonar da aka jinginar domin wannan albashi kuwa, duk shekara sai ta cika wa Alhaji rumbu. Na lissafa na ga in na daina ci da sha kwata-kwata, shekara uku za ta ishe ni in fanshe ta. In kuwa zan ci gaba da wannan mummunar ɗabi'a ta cin abinci, to sai dai jikokina su ƙarasa. Abokaina da suka tsaya a sakandare suka kama acaɓa, su ne suke rage mini hanya kyauta, suna ce mini "Yallaɓai".

To amma wa ya sani? Babu. Kullum ina fita da taye a wuya da jaka a hannu. Lokacin wayar salula ta fara shigowa, na tara na sayi wata tsohuwa na maƙala a ƙugu. Ba na sa mata kati, amma in na shiga taro nakan zaro ta in duba in girgiza kai, kamar mutumin da manya suka dama.

Baba bai taɓa tambayata nawa ake biyana ba. Ashe ba ya buƙatar tambaya. Yana ganin duk ranar da na zo gida Inna tana cusa mini ƙullin garin tuwo da kuka a jakar nan tawa ta manyan ma'aikata. Shi ya je wurin Alhaji Hudu a ɓoye, sannan ya kira ni ya ce, "Na yi magana da Alhaji. Ya ce tunda yaro bai tsaya da ƙafarsa ba, bana ba zai zuba taki ba. Zai sakar mana gona, a riƙa biyansa kaɗan-kaɗan. Ranar Asabar ake walimar auren ɗansa, in an tashi za mu zauna a ƙarasa magana. Ka sa riga irin ta mutane, ka zauna inda aka ajiye ka, kada ka ce uffan."

Rabona da in ga Baba cikin farin ciki irin na ranar tun kafin in tafi jami'a. Duk shekarun nan gonar aro yake nomawa a gindin dutse, wadda tsakuwarta ta fi ƙasarta yawa. Har ya sa Inna ta fara tsince irin dawa.

Na ce to. Na fita na je na ari kwat wurin wani abokin aikina.

Shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a ne, an jingine ganguna, biki ya koma walima da wa'azi. An kafa rumfa a ƙofar gidan Alhaji, an jera kujerun roba, an kunna janareta yana ta tari a bayan katanga. Mai gabatarwa shi ne Ɗan'azumi, tsohon maroƙi. Kalangu kawai aka raba shi da shi, bakin yana nan yadda yake. Baba ya sami tabarma cikin dattawa. Ni kuwa, saboda kwat, aka kai ni sahun gaba kusa da kansila. Zufa tana bin bayana har cikin takalmi, amma ko maɓalli ɗaya ban kwance ba, domin a gefena ga abokan ango biyu da muka yi jami'a tare, ɗaya har a banki yake aiki. Suka tambaye ni ina nake yanzu, na ce, "Muna nan muna ɗan taɓa harkar ilimi," na zaro waya na duba.

Ana cikin raba lemo sai na ji Ɗan'azumi ya ɗaga murya. "Jama'a, yau Allah ya kawo mana ɗan Malam Audu na Durba, wanda ya shekara huɗu a jami'a yana karatun ladabi zalla. Kuma ba ladabin nan namu na gida ba, na Turanci. Ya taso ya yi wa ango nasiha, mu ma mu tsinci abin da za mu tsinta."

Na ji ɗan bankin nan ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ita ta kashe ni. Na hango Baba daga tabarma yana girgiza mini kai a hankali, na yi kamar ban gani ba. Da na yi addu'a ga ango na koma na zauna, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma na karɓi abin magana, na ƙwanƙwasa shi da yatsa, na gyara taye.

Na ce, "Jama'a, kafin in ce komai, akwai gyara. Ni ba ladabi na koya ba. Tun da nake ban taɓa shiga ajin ladabi ba, ko hanya ba mu haɗa da shi ba."

A jami'a an koya mana cewa gwanin magana yakan ɗan yi shiru kafin ya saki babbar kalma, don mutane su ƙagu. Sai na yi shirun. Niyyata in ce, "Adabi na karanta." A cikin shirun nan janareta ya yi tarinsa na ƙarshe ya mutu.

Na ce "Adabi," babu wanda ya ji. Na sake faɗa, ko kansila bai ji ba. Maganata ta farko ce ta rage a tsaye a tsakiyar rumfa. Sai wani tsoho daga tabarmar dattawa, mai murya kamar an ajiye ta don wannan rana, ya ce, "Ai mun gani, ɗana."

Rumfa ta ɗauka. Har mata daga cikin gida ina jin dariyarsu, kuma na tabbata ba su san abin da aka ce ba. Ɗan banki ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa ina tsaye da mataccen abin magana a hannu ina murmushi irin na wanda ya taka kashin kaza a masallaci.

Mai hankali a nan zai zauna. Ni na tsaya na jira aka ta da janareta.

Da wuta ta dawo na shiga bayani. Na ce adabi daban, ladabi daban. Na ce adabi shi ne nazarin labarai da waƙoƙi da wasannin da Turawa suka rubuta. Na jefa Turanci guda uku masu nauyi don a san ba wasa ba ne. Tsohon nan bai gama da ni ba, ya ce, "Wato tatsuniya."

Na ce, "Ba tatsuniya ba ce, ranka ya daɗe, ƙagaggun labarai ne."

Ya ce, "Wa ya ƙaga?"

"Marubuta."

"Ya faru?"

"Bai faru ba, amma..."

"To tatsuniya ce."

Wani daga baya ya ce, "Malam, ita tatsuniyar Nasaran tana kawo kuɗi kuwa?" Tambaya ce ta tsakani da Allah, na ga fuskarsa, mai yiwuwa yana da ɗa a sakandare. Amma ni a lokacin kunnuwana sun yi zafi, ina neman abin da zan rama da shi. Na kalli ɗan banki, na kalli kansila, na matso da abin magana kusa da baki, na ce, "Alhamdu lillahi. Abin da nake ɗauka a wata ɗaya, manomi sai ya yi damina guda bai same shi ba."

Wannan karon janareta lafiyarsa ƙalau. Har bakin kasuwa an ji.

Babu wanda ya yi dariya, kuma shirun ya fi dariyar ciwo. Sai a lokacin na tuna su wane ne a rumfar. In ka cire ni da kansila da baƙin Kano, kowa manomi ne. Na dubi tabarmar dattawa, Baba ya sunkuyar da kai yana murza carbi. Na dubi Alhaji Hudu, yana kallona yana gyaɗa kai a hankali. Ban san yadda na ƙarasa nasihar ba. Ina jin na ce wa ango ya riƙa haƙuri.

Da Malam Liman ya tashi wa'azi, bai ko kalli inda nake ba. Ya yi magana a kan haƙƙin aure, sai can wajen ƙarshe ya ce, "Na ji ɗazu ana rarrabe adabi da ladabi. Mu dai a littattafanmu na Larabci kalma ɗaya ce. Lam ɗin gaba ce kawai wasu suka riƙe, wasu suka yar." Wato ko gyaran da na tashi yi, Baba ya fi ni kusa da gaskiya. Na so ƙasa ta tsage.

Bayan la'asar muka shiga zauren Alhaji kamar yadda aka shirya. Akwai mutane kusan goma suna ƙarasa shinkafa. Na cire takalmi na tsuguna, kwat ɗin aro yana neman yagewa a hammata. Alhaji ya gaisa da Baba, sannan ya ce, "Malam Audu, ai sai mu gode wa Allah. Ni da na ɗauka yaro yana cikin matsi. Tunda abin ya kai haka, maganar biya kaɗan-kaɗan ta faɗi. A kawo kuɗin gaba ɗaya kafin ruwa ya sauka, ka karɓi gonarka."

Baba ya juyo ya dube ni, ya bar ni da abina.

Na ce, "Alhaji, maganar ɗazu... akwai ɗan ƙari a ciki."

"Ƙari kamar yaya? Nawa ake biyanka?"

Na faɗa, a hankali, ina kallon tabarma.

Ya kara hannu a kunne. "Ɗaga murya, ɗana. Ɗazu ina jin ka sarai."

Na sake faɗa da ƙarfi. Wani da ke cin shinkafa ya tsaya da loma a hannu. Wani ya ce, "A sati?" Na ce a wata. Ya ce, "Allah ya kyauta," da irin muryar da ake yi wa mutum ta'aziyya.

Ban ga alamar mugunta a fuskar Alhaji ba. Ya ce, "Ni na san gaskiyar, tun kafin mahaifinka ya zo. Amma ka faɗi magana a lasifika. Mutum uku ne suka jinginar mini da gona, kuma dukkansu suna cikin rumfar nan. In na sakar wa uban mai albashin damina tasa gonar, na riƙe ta wanda ba shi da kowa, me zan ce musu? In bi su gida-gida in ce ƙarya yake yi?" Ya juya wurin Baba. "Malam Audu, ka yi haƙuri. Zan zuba taki. In magana ta kwanta, bayan damina biyu, alkawarina yana nan."

Baba ya ce, "Ba komai, Alhaji. Ka yi mana adalci. Allah ya sanya alheri a auren."

Muka fito muka nufi tasha, yana gaba ina baya, kwat a kafaɗa, taye a aljihu. Na so ya zage ni. Wallahi da ya ɗauke ni da mari a gaban 'yan acaɓa da na ji sauƙi. Muka zauna a benci muna jiran motar Kibiya ta cika. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wannan yaron, tatsuniyoyin nan, aƙalla masu daɗi ne?"

Na ce, "Masu daɗi ne, Baba."

Ya gyaɗa kai. "To da sauƙi. Kakarka ma ta iya su da yawa, sai dai ita ko sisi ba a taɓa kashewa ba." Sannan ya ce, "In mun je, kai za ka gaya wa uwarka ta daina tsintar iri."

Wannan aika ita ce mafi nauyi da aka taɓa yi mini. Na tarar da Inna da faifai a cinya.

Damina biyun nan Baba ya yi su a gindin dutse, yana kai fartanya tana tsalle. Ni kuma na sayar da wayar (wanda ya saya ya yi mamakin yadda maɓallanta ba su goge ba), na kama koyar da yara darasin yamma a gidaje, na shiga makin takardun jarrabawa. Ranakun da babu makaranta in tafi Durba in kama noma tare da shi. A Rano kuwa sunana ya koma "Ai Mun Gani". Har ɗalibaina sun sani, in na juya ina rubutu a allo nakan ji ana raɗa shi.

Alhaji ya cika alkawari. Ranar da muka koma Gonar Tsamiya muna sassabe, wani baƙo mai sayen wake ya tsaya a bakin gona suka gaisa da Baba. Ya nuna ni ya ce, "Wannan ne ɗan naka da aka ce ya yi jami'a? Me ya karanta?"

Baba ya dogara da ƙotar gatari, ya dube ni, yana jira.

Na tsuguna na gaishe da baƙon, na ce, "Ladabi, ranka ya daɗe."

Baba ya ce, "Bai gama ba tukuna. Amma yana ƙoƙari."

Sai da na ƙara wasu shekaru kafin in gama biyan Alhaji, kuma har yau ban iya cewa ko digirin ya mayar da kuɗinsa ba. Abin da na tabbatar shi ne, in mahaifinka ya ƙara maka harafi ɗaya a kan karatunka, ka riƙe abinka ka yi godiya, domin ni damina biyu na biya kafin a mayar mini da nawa. Kuma tun daga ranar, in an miƙo mini abin magana a taro, sai na fara leƙa janareta.